Igiya Mai Ƙulli Goma Sha Huɗu

Igiyar tun asali ta Hajiya Yalwa ce, irin wadda ake ɗaure buhunan albasa da ita a kan babbar mota. Shekara uku da suka wuce, da aka faɗaɗa titin da ya raba Zongon Kwatano da lekwal, wato makarantar boko, matan layinsu suka zauna a tsakar gidanta suka kafa abin da suke kira ƙungiyar rakiya. Ba takarda, ba hatimi, ba sunan Faransanci. Mata tara ne da igiya ɗaya. Suka yi mata ƙulli goma sha huɗu, kowane yaro da nasa. Wadda aikin ranar ya faɗo kanta sai ta kama kan igiyar ta waiga. In ta ga kowane ƙulli da hannu a kansa, to yara sun cika, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da 'yan zemijan, masu baburan haya da rigunansu ruwan ɗorawa, ta ja yaran su tsallaka. Da azahar ta koma ta jawo su gida. Shekara uku ana haka, ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba.

Ni'ima ta shiga ƙungiyar ne bana, a gurbin wata da ta tashi, da 'yarta Imane ta cika shekara shida aka ɗinka mata kakin lekwal. Ba da son ranta ta shiga ba. Ita mace ce da ko kokon yarinyar ba ta yarda wani ya dama, amma sana'arta albasa ce, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Motocin da ke zuwa daga Malanbil suna sauke kaya a kasuwar Dantokpa tun kafin ƙarfe bakwai, wadda ta makara sai ta tarar da na ƙasan mota, wanda ya soma ruwa. Mijinta Abdulgaffar direban ɗaya daga cikin motocin ne, a wata da ƙyar ya kwana huɗu a gida. Sai da ta bi igiyar nan da ƙafarta kwana uku a jere tana kallon yadda ake yi, sannan ta ɗora hannun Imane a kan ƙulli na sha ɗaya, ta ce, "Ko sama za ta faɗo kada ki saki."

Ranar Talatar da abin ya faru, tana tsugune tana ware albasa wayarta ta yi ƙara a ɗaurin zane. Hajiya Yalwa ce.

"Maman Imane, ki bar abin da kike yi ki zo kilinik ɗin bayan masallaci. Tana magana, tana kuka, kada ki tayar da hankalinki."

Ba ta tambayi wa ke kuka ba. Ta bar kayan a buɗe, ta tare zemijan, ta hau ba tare da ta yi ciniki ba. Duk hanya tana dukan kafaɗar mutumin wai ya yi sauri, shi kuma yana ba ta amsa da yaren Fon cewa shi ma yana da 'ya'ya.

Ta tarar da Imane kwance a kan gadon roba, kakin ya yage daga gwiwa, gefen fuska ya goge, ƙafar hagu ta kumbura. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ƙashi ya tsage amma bai rabu ba, za a ɗaure da filasta na mako shida. Ta ce wata doguwar mata ce mai tsagar arewa a kumatu ta shigo da ita a rungume, jini a zanenta, ta ajiye ta ta fita kafin a tambayi sunanta. Ni'ima ba ta ma ji wannan da kyau ba. Tana shafa kan yarinyar, tana duba haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga yatsun ƙafar ta ga ko suna motsi.

"Mama, ban saki da gangan ba," in ji Imane. "Takalmina ne ya fita."

A kan bencin waje Inna Dijatu ce zaune, ita ce mai aikin ranar. Ta haura sittin, jikokinta biyu na cikin igiyar, kuma ita ce ta yi wa Ni'ima wankan jego lokacin haihuwar Imane. Igiyar na naɗe a cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Wallahi na waiga, 'yar nan. Sau biyu na waiga. Ƙulli goma sha huɗu, hannu goma sha huɗu."

"To ta yaya tawa ta rage a baya, Inna?"

Tsohuwar ta faɗi abin da yaran suka gaya mata. Suna tsaye a bakin titi takalmin Imane ya zame, ta sunkuya tana gyarawa. Wata yarinya da ba ta cikinsu, da ta ga ƙulli babu kowa, sai ta kama. Inna Dijatu ta duba ta ga hannuwa sun cika, ta ja. Imane ta ɗago kai ta ga igiya ta kai tsakiyar titi, ta tuna abin da uwarta ta gaya mata, ta ruga a guje. Mai babur ya taka birki, amma bai isa ba.

"Hannu kika duba, Inna, ba fuska ba," in ji Ni'ima. Muryarta ba ta tashi ba. "Ke da kika wanke ta da hannunki ranar da aka haife ta. Ba ki ga babu ita ba?"

Ni'ima ta koma ciki.

Da yamma Abdulgaffar ya kira daga Parakou, ana jin ƙarar injin a bayansa. Bayan ya yi magana da 'yarsa ya ce a ba shi uwar.

"Ki fita daga wannan ƙungiyar taku. Tun farko ban so ba. Yaro ba akuya ba ne da za a ja shi da igiya."

"In na fita wa zai kai ta, Baban Imane?"

"Ke."

"Albasar fa? Ka san ƙarfe nawa kuke saukewa."

"To a nemo zemijan amintacce ya riƙa ɗaukar ta."

"Zemijan ne ya buge ta."

Ya ce za su yi magana in ya dawo. Ta san ba za su yi ba, domin in ya dawo barci yake yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar matan suka taru a tsakar gidan Hajiya Yalwa. An shimfiɗa tabarmi biyu a gindin mangwaro, an kawo ruwan sanyi a leda, babu wadda ta sha. Bouchra ce ta soma magana, kamar kullum. Tana da shagon kayan kwalliya a unguwar Vêdoko, tana da yara uku a igiyar, kuma bakinta ba ya kwana da magana.

"Na binciko 'yar. Sunanta Nawal. 'Yar Hudu ce, mai shanun nan da suka zo daga wajen Gogunu bara, suna haya a gidan bayan injin niƙa. Mako biyu ke nan tana liƙe mana. Ni ranar aikina na kore ta, na ce mata igiyar nan ba ta gwamnati ba ce. Amma akwai masu tausayi a cikinmu, ga shi tausayi ya karya mana ƙafar yarinya."

"Bouchra, rage murya, akwai mutane a zaure," in ji Hajiya Yalwa.

"Su ji mana, Hajiya! Uwar tana gida tana tsefe kai, ta sako 'yar shekara shida a titin Kwatano kamar tana tura maraƙi kiwo. Ni dai abu uku na zo da shi. A je wajen shugaban unguwa a ja musu kunne. Duk yaron da ba namu ba in ya matso igiya a sa masa tsumagiya. Na uku kuma, Inna, ki yi haƙuri, ido in ya gaji ya gaji."

Inna Dijatu tana can gefe a kan turmi, ba ta ɗago ba.

Aka yi ta magana, wannan na cewa a ƙara ƙulli, waccan na cewa a rage. Ni'ima tana ji, amma hankalinta ya tsaya a wuri ɗaya. Ranar aikinta na ƙarshe ita ma ta ga yarinyar. Siririya ce, kakinta ya yi mata yawa, tana tafe a ƙarshen layi ta riƙe jelar igiyar da yatsu biyu. Ni'ima ta gan ta, ta ce a ranta gara haka da ta tsallaka ita kaɗai, ta ci gaba da tafiya. Ba ta tambayi 'yar wa ce ba, ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu ga shi duk sun juyo suna kallonta, suna jira ta yanke hukunci, tunda ita aka ɓata wa.

"Maman Imane, ke muke sauraro," in ji Hajiya Yalwa.

Ta so ta faɗi abin da ta tuna, harshenta ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Kada a je wajen kowa tukuna. Ni zan je in ga uwar da idona."

"Ki je da ni," in ji Bouchra, har ta soma gyara mayafi.

"A'a, Yaya Bouchra. Abin da zan gaya mata ba ya bukatar taimako."

Washegari ta bar Imane wajen maƙwabciya ta nufi gidan bayan injin niƙa. Tun daga hanya take jera maganganun da za ta faɗa, kowace ta fi ta baya zafi. Gidan dogo ne, ɗakuna a jere hagu da dama, kwata a tsakiya, ƙwarya da igiyoyin shanu rataye a bango. Ta yi sallama ta tambayi matar Hudu. Aka nuna mata ɗakin ƙarshe.

Matar da ta fito sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofa. Doguwa ce, da tsaga a kumatu, ba za ta wuce sa'ar Ni'ima ba. Ni'ima ta dubi tsayin ta dubi tsagar, maganar ma'aikaciyar jinya ta dawo mata.

"Ke ce kika kai ta kilinik."

Matar ta sauke ido. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta ajiye mata, ita ta zauna a ƙasa. Ta ce sunanta Halimat. Ta tambayi ya mai jiki, ta sake tambaya, ta ce Allah ya sa kaffara ne.

Ni'ima ba ta zauna ba. "Na gode da kika ɗauke ta. Amma ba godiya ta kawo ni ba. 'Yarki ce ta kama wurin 'yata. Kin sani?"

"Na sani. Ina wurin."

"Kina wurin?"

"Kullum ina wurin. Nakan ɗauki bokiti kamar zan je famfo, in bi su daga nesa har su tsallaka."

"To baiwar Allah, in har kina iya bin ta da bokiti, me ya hana ki riƙe hannunta ki tsallakar da ita kamar kowace uwa?"

Halimat ta dubi ƙofofin ɗakunan da ke jere, ta rage murya. "Ta fari ce."

Ni'ima ta san abin da ake nufi. Kakarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan baban Ni'ima ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane ba, saboda shi ne ɗanta na fari. Amma wannan a wurin Ni'ima labarin tsofaffi ne, abin dariya a ranar suna. Ita tata ta farin a bainar jama'a take sumbatar ta, da sunan yarinyar ma ake kiran ta.

"Kunyar ɗan fari? A wannan titin? Kwatano kike fa, ba Gogunu ba. Babur bai san ta fari ba, bai san auta ba."

"Na sani." Halimat tana murza bakin zanenta. "A gida da ba ni zan yi tunaninta ba. Kakarta na can, ƙannen ubanta na can, su ke da ita. Nan kuwa shi maigidan tun asuba yana wajen shanu. Duk ɗakunan nan mutanenmu ne. In na riƙe hannun yarinyar nan a titi yau, kafin Juma'a surukata ta ji cewa birni ya cire mini kunya. Za ta aiko a mayar da ita gida, lekwal ɗin ya ƙare. Ni kuma ina so ta yi."

"Me ya sa ba ki zo kin roƙa a sa ta a igiya ba?"

"Na tambayi wata, mai jan baki da yawa. Ta ce ƙulli ya cika, kuma abin na 'yan asalin Zongo ne. Sai na ce wa yarinyar ta riƙa tafiya kusa da su kawai, kada ta taɓa. Ranar nan ina can wajen mai kifi na ga taki ta sunkuya, na ga waccan ta miƙa hannu. Na yi ihu, ƙarar babura ta danne. Na yar da bokitin na ruga, ban kai ba. Na dake ta a ranar. Tun da na haife ta ban taɓa dukanta ba. Yanzu kwana shida ba ta je lekwal ba."

Daga cikin ɗaki aka ɗaga labule kaɗan, ido biyu suka leƙo suka koma.

Ni'ima ta zauna a kan kujerar. Fushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Ta yi ta kallon kwatar tsakar gidan. Mace ce da in abu ya lalace sai ta nemo ta inda ya lalace, ko buhu ne sai ta ga ramin ɓeran. Shekara uku mata tara suna tafiya a gaban igiya, fuskarsu na kallon motoci, babu ko ɗaya a bayan yara. Wadda ke kallon bayan yaran kuwa ga ta nan zaune a ƙasa, ba wanda ya sa ta.

"Halimat, kunyar taku ta hana mace raka 'ya'yan wasu?"

Matar ta ɗago a karon farko. "'Ya'yan wasu? A'a. Wannan ai lada ne."

"In aka ce ƙungiya ta sa ki aikin bin bayan yaran Zongo, taki kuma ta zamo ɗaya daga cikinsu, surukarki za ta ce wani abu?"

"Sai in tambayi maigidan," ta ce. "Amma ba za su yarda da ni ba, mutanenku."

"Ni ma ban ce na yarda da ke ba," in ji Ni'ima tana miƙewa. "Na ce akwai aikin da ba mai yi."

Taron Lahadi na biyu ya fi na farko zafi. Ni'ima ta soma da abin da ta kasa faɗa wancan karon, cewa ita ma ta ga yarinyar a jelar igiya, ba ta gaya wa kowa ba. Wasu biyu suka sunkuyar da kai, su ma sun gan ta. Sannan ta kawo shawararta: mace biyu kullum, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a daina duba hannu, a kira sunan kowane yaro ya amsa kafin a taka kwalta. Ta ce Halimat ta yarda ta ɗauki baya kullum, safe da azahar, mijinta ya amince, in an sa 'yarta a igiya.

Bouchra ta tafa hannu ta yi dariya. "Kai, jama'a! Maman Imane, filastar nan a ƙafar 'yarki aka sa ko a kanki? 'Yarta ta jawo miki wannan, ke kuma ladan da za ki ba ta shi ne amanar 'ya'yanmu? Matar da ko sunan abin da ta haifa ba ta iya faɗa, ita za ta kira sunayen?"

"Ta gaba ce za ta kira suna."

"Mun san ubanta? Mun san uwarta? Mu nan kakanninmu tare aka binne su. Waɗannan gobe in kasuwar shanu ta tashi sun naɗe tabarma. In ta bi wani lungu da ɗana, Gogunu zan je nemansa?"

"Ranar da tawa ke kwance a kwalta, Yaya Bouchra, waɗanda aka binne kakanninmu tare suna wancan tsallaken. Ita ta ɗauke ta."

Maganar ta fita kafin ta auna ta, kuma ba Bouchra ta sama ba. Inna Dijatu ta tashi daga kan turmin a hankali, ta gyara lulluɓi.

"Gaskiya ta faɗa. Hajiya, ki cire ni daga masu ja. Jikokina dai ku riƙe mini su don Allah, in kun ga dama. Ni hannuna ba zai ƙara kama igiyar nan ba."

"Inna, ba haka nake nufi ba," in ji Ni'ima.

"Na sani, 'yar nan." Ta sa takalmi ta fita.

Hajiya Yalwa ta bari ƙurar ta lafa, ta ce kowa ta faɗi ra'ayinta, ba a yin dole a aikin Allah. Biyar suka yarda, har da ita. Bouchra da wasu biyu suka ce su sun fita, za su nemi hanyar kai nasu. Da za ta tafi, Bouchra ta tsaya a bakin zaure ta ce Allah ya ba da sa'a, amma kada a kira ta in an ji wani labari. A wurin Hajiya Yalwa ta ɗauko igiyar ta kwance ƙulli biyar da haƙori da farce, ta ƙulla sabo guda. Ya zama goma. Aikin da da yake zagayowa kan mace sau ɗaya a kusan mako biyu, yanzu kowane mako ne. Ni'ima ta lissafa a ranta, kowace Laraba ba ita ba albasar safe.

Inna Dijatu ba ta ƙara zuwa gidansu ba. Ni'ima ta aika mata da kwanon albasa, aka karɓa aka ce an gode. In sun haɗu a hanyar masallaci suna gaisawa, gaisuwar mutanen da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya kwana arba'in ba.

Da mako shida ya cika aka yanke filastar. Ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari-fari tana saɓa. Ranar Litinin Ni'ima ta sa wa Imane kaki da sabon takalmi mai maɗauri biyu, ta kai ta inda ake taruwa. Mai aikin ranar ta soma kiran suna, yara suna amsawa da ƙarfi kamar wasa. Nawal ta amsa nata can ƙasan maƙoshi. Halimat tana tsaye a ƙarshe, ba bokiti, idonta a kan kowa ban da 'yarta.

Imane ta kama ƙullinta lafiya lau. Suka bi lungu suka fito bakin titi, inda babura ke wucewa kamar an ɓaro su daga buhu. Nan ta tsaya. Ta saki igiyar ta ƙanƙame zanen uwarta.

"Ba zan je ba. Mama, ba zan je ba."

Ni'ima ta tsuguna ta lallashe ta, ta yi mata alkawarin ƙosai, ta yi mata tsawa, duk a banza. Sauran yaran sun soma ƙosawa, mai aikin ranar na duban agogon wayarta. Ni'ima ta san za ta iya ɗaukar ta da kanta ta tsallakar. Ta kuma san in ta yi haka yau, gobe ma sai ta yi, da jibi, har ranar da za ta rufe rumfa.

Halimat ta matso. Ta kwance mayafinta, ta juya baya ta durƙusa a gaban yarinyar.

"Imane, zo in goya ki. Ki rufe ido, ki sa fuskarki a wuyana, in mun isa zan gaya miki."

"Ta yi girma da goyo," in ji Ni'ima.

"Na ɗauke ta sau ɗaya, na san nauyinta."

Imane ta dubi uwarta. Ni'ima ta ji yatsun yarinyar a zanenta, ta sa hannu ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ta a bayan matar. Ita da kanta ta ja mayafin ta ɗaure, ta sake jan ƙullin ta ga ya kama. Mai aikin ranar ta ɗaga hannu. Babura suka rage gudu, wasu suka tsaya, wasu suka ratsa ta gefe suna zagi. Ni'ima ta bi doguwar matar da ido, ƙafafun Imane na lilo a kwankwasonta, har suka hau dakalin wancan gefen suka shige lungun lekwal.

A Dantokpa ta tarar an gama rabon albasar saman mota. Ta karɓi abin da ya rage, ta zauna tana fere ruɓaɓɓen gefe da wuƙa, wayar a kan cinyarta. Maƙwabciyar rumfarta ta miƙo mata shinkafa da wake, ta ce ta ƙoshi. Halimat ba ta da waya, ba wanda za ta kira. Sau biyu ta miƙe kamar za ta tafi, ta koma ta zauna.

Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara. Hajiya Yalwa ce.

"Sun dawo, goma cif. Taki a goye ta dawo, ta yi barci ma a hanya. Halimat ta ce gobe za ta gwada ta da ƙafa, in ta ƙi ta sake goyawa."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai wani abu, Maman Imane. Na ga 'ya'yan Bouchra yanzu. Su uku a kan zemijan ɗaya, ƙaramin a kan tanki, ba mai hular kwano. Ya ratsa da su ta gaban wata tirela, sai da na rufe ido."

Ni'ima ta dubi wuƙar da ke hannunta. "Ba za ta saurare ni ba, Hajiya. Ta daina amsa gaisuwata."

"Ni ma ba ta amsa tawa."

Hayaniyar kasuwa tana ta shiga wayar.

"In na tashi zan biya ta shagonta a Vêdoko," in ji Ni'ima. "In ta zage ni ta zage ni."

Ta kashe wayar, ta jawo kwanon shinkafar da ya huce, ta ci loma biyu, ta rufe. Wata mata ta tsaya tana taɓa albasar tana cewa duk ta yi laushi.